Dela Mai Ruwan Gishiri

A Garin Kawu, wani ƙauye da ke tsakanin Yankwashi da Kanya Babba, an yi wata mata da ake kira Dela mai ruwan gishiri. Waɗanda suka laƙaba mata sunan ba yabonta suke yi ba, tsokana ce, amma ta karɓe shi hannu biyu. In baƙo ya yi sallama ya ce Dela yake nema, sai ta leƙo ta tambaye shi wacce daga ciki, don masu sunan uku ne a garin, ita dai ita ce mai ruwan gishiri.

'Yar Babura ce. Mahaifinta, Malam Halliru, yana da rumfa a kasuwa inda yake sayar da gishiri da kanwa da fatake ke kawowa a kan raƙuma daga ƙetaren iyaka. Tun tana ƙarama ta san gishirin mangul, ta san na balma, ta san jar kanwa da fara, duk da harshe. In sabon kaya ya sauka, mahaifin yakan gutsura ya miƙa mata, ta lasa ta ce wannan akwai ƙasa a ciki, ko kuma wannan ya yi ɗaci, kuma da wuya a duba a ga ba haka ba ne. Ta taso da bakin magana da taurin kai, irin yaran da in an ce kada su taɓa abu sai sun ji dalili.

Ta yi aure a Kano. Mijinta Lauwali lebura ne a tashar jirgin ƙasa, mutum mai sanyin hali, kuma sun zauna lafiya shekara shida ko da yake Allah bai ba su haihuwa ba. Shekara ɗaya bayan samun 'yancin kai sai amai da gudawa suka kama shi. Tsofaffin gidan da suke haya suka taru suka gaya mata kada ta kuskura ta ba shi ruwa, wai ruwan ne ke ƙara gudun cikin. Dela, wadda ba ta taɓa bin magana ba tare da tambaya ba, a wannan karon tsoro ya sa ta bi. Kwana biyu Lauwali yana roƙon ruwa, tana juya masa baya tana kuka. Ran na uku muryarsa ta dushe, ƙafafunsa suka riƙa ɗaurewa, aka ɗora shi a amalanke aka kai asibiti. Kafin azahar ya cika. Wata nas ta gaya mata cewa ba ciwon kaɗai ya kashe shi ba, ruwa da gishirin jikinsa ne suka ƙare.

Maganar ta tsaya mata a rai. Ita da ta girma a cikin gishiri ba ta taɓa jin cewa akwai shi a jikin mutum ba, balle a ce ƙarewarsa na kisa. Da ta fita takaba, maimakon ta tattara ta koma Babura, sai ta je asibitin nan ta nemi aikin shara. Mahaifinta ya aiko sau biyu a zo da ita, sau biyu ɗan aiken yana komawa shi kaɗai.

A ɗakin gwajin jini na asibitin akwai wani ma'aikaci, Muhammadu Lawal, mutumin Gwiwa. Da ya ji harshenta ya gane 'yar gida ce, sai suka saba. Wata rana tana goge tebur ta tambaye shi ina gishirin yake a jikin mutum. Ya ce ta lashi gumin hannunta. Ta lasa, ta ji gishiri. Daga nan ya riƙa yi mata bayani kaɗan-kaɗan, cewa gishirin jini ba iri ɗaya ba ne, kuma kowanne yana da gejinsa. Akwai sodiyam, ɗan'uwan gishirin miya, wanda a jinin mai lafiya awonsa yake tsakanin ɗari da talatin da biyar zuwa ɗari da arba'in da biyar. Akwai fotasiyam, shi ɗan kaɗan ne, uku da rabi zuwa biyar, amma da shi zuciya ke bugawa daidai. Akwai kalsiyam, wanda bai kai uku ba ma. Dela ta shiga ajin yaƙi da jahilci don kawai ta iya karanta lambobin da ake rubutawa a takardun marasa lafiya.

Abin da ta yi daga nan babu wanda ya sa ta. In ta kai takardar gwaji ɗakin kwanciya, sai ta duba lambar, sannan ta duba mai ita. Da haka ta lura wanda sodiyam ɗinsa ya sauka ƙasa yakan yi ciwon kai da tashin zuciya, ya rikice har ya kasa gane matarsa, in abin ya yi tsanani ya kama jijjiga. Wanda nasa ya hau sama ƙishirwa ce ba iyaka, harshe ya bushe, ga fizge-fizge da rashin natsuwa. In fotasiyam ya yi ƙasa sai ƙafafu su mutu, ciki ya kumbura ya yi shiru, bugun jijiyar hannu ya riƙa tsallake. Ta ga wata mata da yatsunta suka lanƙwashe suka ƙi buɗewa, tana cewa leɓenta na mata yam-yam, takarda ta nuna kalsiyam ne ya ragu. Bayan 'yan shekaru sai ya zama tun kafin takarda ta fito Dela takan gaya wa Muhammadu Lawal abin da zai gani, shi kuma ya yi dariya ya ce za ta raba shi da aikinsa.

A shekarunta na ƙarshe a asibitin aka kawo wani likita Ba'indiye. Shi ne ta ga, in kwalaben ƙarin ruwa sun yi ƙaranci, yana sa a dafa ruwa lita ɗaya, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri da cokali shida na sukari, a riƙa ba mai gudawa da cokali. Wasu ma'aikata suna ganin abin wasa ne. Dela ce ke wanke kofunan, saboda haka ta san su waye suka tashi.

Shekarar da aka gama yaƙin basasa mahaifinta ya tsufa ƙwarai, ta nemi a mayar da ita kusa da gida. Aka ba ta aiki a ɗakin shan magani na Garin Kawu, ɗaki biyu da baranda, ita da malamin asibiti guda ɗaya mai suna Mele. Aikinta shara da ɗebo ruwa da wanke kwanonin allura. Mele mutumin kirki ne, sai dai akwai tsoron manya. Duk abin da ba ya cikin littafinsa ba ya taɓawa.

Bazarar shekarar da ta biyo, kwalara ta shigo. Mutane suna cewa daga kasuwa ta zo, wasu suna cewa daga rijiya. Kwalaben ƙarin ruwa goma sha biyu ne a ɗakin shan maganin, suka ƙare a kwana uku. Mele ya aika birni, aka ce a jira mota. Baranda ta cika, aka fara shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawa. Dangin marasa lafiya kuwa kowa ya zo da gargaɗin da Dela ta sani, cewa kada a ba su ruwa.

Ran nan da hantsi aka kawo wani makiyayi mai suna Haladu a kan jaki daga rugarsu. Ƙato ne, amma idanunsa sun faɗa can ciki, fatar yatsunsa ta yamutse kamar wanda ya wuni yana wanki. Dela ta tsunkuli fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya a tsaye. Ta taɓa wuyan hannunsa, da kyar ta ji bugu. Sha-raɓarsa ta ɗaure tamau yana nishi. Mele ya duba shi ya girgiza kai, ya ce babu abin da za a yi sai addu'a.

Dela ta tashi ta fita. Ta hura wuta a bayan ɗaki, ta ɗora tukunya, ta ɗauko wata kwalbar ƙarin ruwa da aka gama da ita ta yi awo da ita. Da Mele ya ga tana zuba gishiri ya biyo ta yana magana ƙasa-ƙasa, wai wannan ba ya cikin ƙa'ida, in wani abu ya faru shi za a tambaya.

"Malam Mele, ka koma ciki ka rufe ƙofa," in ji ta. "In an tambaye ka, ka ce ba ka gani ba. Ni na gani."

Yayan Haladu ya tare ta ya ce ba za a ba ƙaninsa ruwa ba. Ta dube shi ta ce, a yadda ya ga ƙanin nan nasa, yana tsammanin zai kai la'asar? Mutumin ya juya ya dubi ƙanin nasa. Ta ce to ya matsa. Ta zauna ta ɗora kan Haladu a cinyarta tana ɗura masa cokali-cokali. Ya amayar. Ta dakata kaɗan ta ci gaba. Ya sake amayarwa, ta sake ci gaba. Zuwa azahar ya fara riƙe kofi da kansa. Da la'asar sakaliya ya yi fitsari, Dela ta tashi tana gaya wa duk wanda ta gamu da shi, har mata suna rufe baki suna cewa matar nan ba ta da kunya.

Washegari gudawar ta ragu, amma Haladu ya kasa ɗaga ƙafa, cikinsa ya yi tim. Danginsa suka ce ga shi nan, ruwan ya taru a cikinsa. Dela ta kama hannunsa ta ji bugun yana tsallake, ta san fotasiyam ne ya tafi. Ta jiƙa farin garin 'ya'yan kuka, ta matsa lemon tsami a ciki, ta riƙa ba shi tare da ruwan gishirin, ta sa aka dama masa koko. Wannan jiƙon ba kowa take ba wa ba. Duk wanda bai fara fitsari ba takan hana shi, don ta san in ƙoda ta tsaya fotasiyam taruwa yake yi har ya tsayar da zuciya. Bayan kwana huɗu Haladu ya tafi gida da ƙafarsa, yana jan jakin da ya kawo shi.

Daga nan tukunya ɗaya ta zama uku. Ba kowa ya tashi ba. Waɗanda aka kawo sun riga sun suma ba su iya haɗiya, Dela ta rufe idanun da yawa daga cikinsu. Amma masu tashi sun fi yawa, kuma gari ya gani. Mutane suka fara zuwa da ƙwarya suna karɓa su kai gida, waɗanda ke nesa kuma tana gaya musu awon da baki.

A cikin waɗanda ta gaya wa da baki akwai Sama'ilu, mai ɗinkin takalma, wanda 'yarsa Shatu ba ta cika shekara biyu ba. Bayan kwana biyu ya shigo da ita a kafaɗa yana gudu. Dela ta karɓi yarinyar ta duba ta. Idon bai faɗa sosai ba, amma fatar ta yi kauri kamar ƙullin alkama, tana wani siririn kuka mai tsini, tana fizgar kofi kamar za ta cinye shi, jikinta yana zabura. Dela ta ce ya kawo ragowar ruwan da yake ba ta. Ta ɗanɗana ta tofar. Ta yi duk abin da ta sani, ta haɗa na daidai tana ba ta a hankali, ta sa uwar ta riƙa ba ta nono. Jijjiga ta zo sau uku. Da yamma Shatu ta rasu.

Kafin a dawo daga maƙabarta magana ta zagaya gari cewa ruwan Dela ya kashe yarinya. Tsofaffin da tun farko ba su yarda ba suka samu bakin magana. Labari ya kai birni, kuma motar da aka yi mako biyu ana jira sai ga ta, amma babu kwalba ko ɗaya a cikinta. Wani babban malamin lafiya ta kawo, da farin wando da jakar takardu.

Aka taru a zauren dagaci. Dela ta zo da ƙwarya biyu a rufe da faifai ta ajiye a gabanta, ta durƙusa ta gai da dagaci, ta gai da baƙon. Malamin lafiyar ya tambaye ta matsayinta a wurin aiki, ta ce mai shara ce. Ya tambaye ta wa ya ba mai shara izinin ba mutane magani.

"Yallaɓai, ban ba kowa magani ba," ta ce. "Abin da ya zube daga jikinsu na mayar musu."

Ya ce ita ta san abin da ke jikin mutum ne? Sai ta karanto masa lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, da alamar kowanne in ya sauka da in ya hau. Ta ce Shatu ba ƙarancin gishiri ya kashe ta ba, yawansa ne, da an ɗebi jininta da an ga ya haye ɗari da sittin. Malamin lafiyar ya ɓata fuska, ya ce haddar lamba ba ita ce takardar shaida ba.

Dela ta buɗe ƙoran ta juya wajen dagaci. "Ranka ya daɗe, wannan nawa ne, wannan kuma ragowar wanda aka ba yarinyar. A taimaka a ɗanɗana."

Dagacin ya kurɓi na farko, ya ce wannan ai bai fi hawaye gishiri ba. Ya kurɓi na biyu, ya kawar da kai ya tofar a ƙasa. Sama'ilu, wanda tun shigowarsa bai ɗaga kai ba, sai ya fashe da kuka. Ya ce shi ya haɗa da hannunsa. Ya ga rabin cokali ya yi kaɗan ga ciwo irin wannan, sai ya cika tafin hannu ya zuba don ta fi saurin warkewa.

Mutane suka fara juyowa kansa. Dela ta ɗaga murya ta ce kada wanda ya taɓa shi da magana, son 'yarsa ne ya sa shi. Ta ce in laifi ake nema akwai nata a ciki, don ta ba shi awo da baki ba ta sa ya haɗa a gabanta ba, ba ta kuma ce ya ɗanɗana ba. Wannan ta ɗauka, kuma ba za ta sake ba.

Malamin lafiyar ya ce ya ji, amma doka doka ce. Ko dai ta yi alkawari a gaban dagaci cewa ta daina, ko ta bar aiki yau. Mele yana gefe yana yi mata alama da ido ta amsa kawai.

"Yallaɓai, ran da kwalabenku suka iso, ni zan riƙe muku hannun mai ciwo ku sa allura," in ji Dela. "Kafin su iso, ba zan zauna mutum yana roƙona ruwa ina juya masa baya ba. Na taɓa yi, na san ƙarshensa. Ku rubuta abin da za ku rubuta."

Ya rubuta. Ta kwance makullin ɗakin shan magani daga bakin zanenta ta miƙa wa Mele, ta ɗauki ƙoranta ta fita. Tukwanen nata ne, don haka da yammar nan ta kwashe su ta kafa murhu a ƙofar gidanta, inda babu mai ikon hana ta dafa ruwa. Dagaci bai ce ta yi ba, bai ce ta bari ba, amma washegari aka ga matarsa ta zo da ƙwarya.

Ta sauya tsari. Ta sa maƙeri ya ƙera mata 'yan cokula masu baki biyu, ƙaramin baki na gishiri, babba na sukari, kuma ba ta sallamar kowa sai ya haɗa a gabanta ya kurɓa ta ga fuskarsa. Wanda ya fara karɓar cokalin Sama'ilu ne. Shi ya riƙa bin ƙauyuka a kan kekensa yana nuna wa mutane, yana ba da labarin 'yarsa da bakinsa ba tare da ya rage komai ba. Annobar ta lafa bayan damina ta yi nisa.

Dela ba ta koma aikin gwamnati ba. Ta riƙa soya ƙosai da safe, sauran wunin kuwa na masu zuwa ne. Lokacin farin da aka yi bayan shekara biyu, ta yi ta zagaya rugage har wajen Roni, tana duba maɗigar jarirai ko ta faɗa. Ta kuma ja daga da ungozomomi a kan kunun kanwa da ake ɗura wa masu jego safe da yamma, tana nuna musu kumburarrun ƙafafu da numfashi sama-sama, tana cewa gishiri ne ya yi yawa ya tara ruwa har zuciya ta gaji. Wannan faɗan ba ta ci shi ba. An kore ta daga gidajen suna fiye da sau ɗaya, kuma duk inda aka kore ta sai ta koma ranar da ta ga dama.

Da kuɗin man fetur suka yawaita a ƙasa aka rushe tsohon ɗakin shan maganin aka gina sabo da bulo da rufin kwano. Wata safiya Mele ya zo ƙofar gidanta a kan sabon babur, ya kawo takarda daga ofis. An ce za a mayar da ita aiki, har da farar riga, in ta sa hannu cewa abin da ta yi a shekarar kwalara kuskure ne kuma ta tuba. Mele ya ce shi ya yi ta kai-kawo har aka yarda, ta rufa masa asiri ta sa hannu, ai takarda ce kawai. Ya ce ko shi yanzu in kwalabe sun ƙare ruwan gishirin nan nata yake haɗawa a ɓoye.

Dela ta karanta takardar da kanta, a hankali, tana bin layi da yatsa. Ta karɓi alƙalaminsa, ta juya bayan takardar ta rubuta "Ban tuba ba" da manyan baƙaƙe, ta sa sunanta a ƙasa, ta ninke ta mayar masa.

Mele ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya tura ta aljihu. Ya tambaye ta ina za ta da ya ga ta yafa mayafi. Ta ce wata ruga ce bayan Kanya Babba, an aiko tun da sassafe wata tsohuwa tana ta amai, ga shi ita Dela gwiwarta ta hana ta sauri. Ya tayar da babur ɗin ya ce ta hau. Ta ce ba ta taɓa hawa ba, kuma in ya kayar da ita sai ta kai ƙararsa ofishin nasu. Ta tattare zane ta zauna a karkace, ta riƙe ƙarfen baya da hannu biyu, suka bi hanyar gona.